Damin Mujallun da Muka Saya

Lokacin da na fara aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji a Talata Mafara, sashen mujallu aka ba ni. A baki sashe ne, a ido kuwa lungu ne: tebur ɗaya, kantoci masu jingine, da taga mai kallon wata darbejiya da awaki ke hutawa a ƙarƙashinta. Aikina in karɓi mujallun bincike da ke zuwa ta gidan waya, in kwance su, in jera sababbi a gaba, in mayar da tsofaffi baya. Ba su da yawa. Wasu daga jami'o'in ƙasar nan suke zuwa, wasu daga ƙetare, kuma duk a makare. Sau da yawa ta bara ce ke isowa bana, da tabon ruwan sama a gefenta. Amma idan ta iso, ta iso ke nan, ba mai zuwa ya ce a ba shi abarsa.

Wanda ya fi kowa takawa zuwa lungun nan wani malami ne na sashen noma, mutumin Birnin Tudu. Noman rani da ban ruwa yake koyarwa, yana kuma da gonar shinkafa a wajen Bakura, don haka ƙafar wandonsa ba ta rabuwa da laka. Ƙaton mutum ne mai dariya da dukan jiki. Kakarsa 'yar garinmu ce, saboda haka tun ranar farko ya raɗa mini suna 'yar Morai, ya kuma ba kansa izinin tsokanata har abada. Mujalla ɗaya tak ke kawo shi, wata mai koren bango da ke magana a kan ban ruwa a ƙasashe masu zafi. Amma ba ya tambayarta sai ya ƙare gaisuwa.

"'Yar Morai, in kwana? Ina gajiya? Ina mai gida? Ina ɗiya? Ina mutanen Morai, sun koyi ba baƙo ruwa ko har yanzu?"

"Lahiya lau, Malam. Ruwa sai baƙon kirki."

"To madalla. Koriyata ta zaka?"

Idan ta zo, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ja kujera bakin taga, ya karanta har da tallan da ke bayanta. Idan ba ta zo ba, sai ya ɗauki tsohuwa ya maimaita, yana gardama da marubutan a fili kamar suna zaune a gabansa.

Shugaban ɗakin karatun dattijo ne ɗan Maradun, Baba muke ce masa. Mutumin kirki ne, mai son ma'aikatansa, ga son abu babba. Ko ranar da ba komai babbar riga yake sawa. Ciwonsa ɗaya ne: duk lokacin da ya je taron ma'aikatan ɗakunan karatu a manyan birane, sai ya dawo a sanyaye. Can kowa na faɗin abin da ɗakinsa ya mallaka a kwamfuta, shi kuwa ba abin da zai faɗa sai kantoci.

Ana cikin haka, wata rana da bazara, wani baƙo ya sauka. Wakilin wani kamfanin buga mujallu ne na ƙasar waje, ya sha kwat da laƙatayi a cikin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya zo da majigi. Aka tara malamai a babban ɗaki, aka kunna, wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareto, ya yi tari ya mutu. Aka sake tayarwa. Baƙon nan yana ta share gumi yana murmushi, har dai hoto ya fito a bango.

Da Turanci ya yi bayani, mai santsi kamar an shafa masa man shanu. Ya ce zamanin jiran gidan waya ya wuce. Kamfaninsu na da dubban mujallu, kuma duk sun ɗaure su wuri ɗaya. Kwaleji za ta biya sau ɗaya a shekara, sai a buɗe mata ƙofa: kowane malami, kowane ɗalibi, ya zauna gaban kwamfuta ya karanta abin da aka buga jiya a kowace kusurwa ta duniya. Yana magana sunayen mujallun na gudu a bango kamar tururuwa. Na dubi Baba, na ga bakinsa a buɗe, idonsa na ƙyalli.

Da aka ba da damar tambaya, na ɗaga hannu. Na ce kwalejinmu ƙarama ce, fannoninmu sanannu ne. Ba za mu iya zaɓar waɗanda suka shafe mu mu biya kuɗinsu kaɗai ba?

Ya ce ana iyawa, amma ba zai ba mu shawarar haka ba. Idan muka tsinci 'yan kaɗan ɗaya-ɗaya, kuɗinsu zai zarce na dukan tarin. Tarin kuma ba a kwance shi.

Baba ya juyo gare ni ya ce, "Malama, dami na. Kin taɓa ganin an sai da dami anka zare zangarniya guda?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Har shugaban kwaleji dami yake ce masa.

Malamin noma ya miƙe daga baya, ya gyara murya, ya faɗi sunan koriyarsa, ya tambaya ko tana ciki. Baƙon bai ko duba takarda ba. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Yallaɓai, komai na ciki."

Sai dai dami na da tsada, kuma aljihun ɗakin karatu ɗaya ne. Don a saye shi, aka dakatar da duk mujallun takarda. Kason sayen littattafai ma aka yanke shi har ya zama ba a iya ganinsa sai da tabarau. Aka kwashe tsofaffin mujalluna aka zuba a kwalaye aka kai sito, aka rushe lunguna aka haɗa shi da ɗakin da ke kusa, aka yi fenti, aka jera kwamfutoci, aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuma aka tura ni kwas na 'yan kwanaki, na dawo da sabon matsayi: mai riƙon lambar sirri.

Ranar buɗewa an yanka kirtani, an sha lemo, Baba ya yi jawabi har sai da aka ja masa riga. Washegari da hantsi sai ga malamin noma. Ya yi gaisuwarsa cikakkiya, ya zauna kusa da ni, ya ce, "To, 'yar Morai, hiddo min ita."

Na rubuta sunanta. Kwamfuta ta yi ta juya ɗan zobenta, don sabis ɗinmu ba ya son gaggawa, sannan ta ce babu. Na sake rubutawa, na cire harafi, na ƙara harafi. Babu. Na kira wakilin a waya. Ya ce ai waccan wata ƙaramar ƙungiya ce ke buga ta, ba kamfaninsu ba.

"Ba kai kac ce komai na ciki ba?" in ji malamin, ya karɓe wayar daga hannuna.

Wakilin ya ce komai nasu yake nufi.

Malamin ya ajiye wayar a hankali. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "To, tunda an sai muna, bari mu ga mi anka sai muna."

Muka shiga dubawa. Akwai mujallar masu gyaran haƙoran yara. Akwai ta masu binciken ƙarƙashin teku. Akwai ta dokokin jiragen ruwa, mu da babban ruwanmu shi ne madatsar Maradun. Akwai wadda ba ta da aiki sai zancen yadda dusar ƙanƙara ke gangarowa daga dutse ta binne mutane. Akwai na noma ma, ba zan yi ƙarya ba, da yawa kuwa, sai dai galibinsu a kan gonakin da manomi ɗaya ke nome abin da ya fi garinmu faɗi da injuna. Can sai muka faɗa kan wata mujalla ta makiyayan ƙarshen arewacin duniya, masu kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho kamar rassan itace. Hoton wani makiyayi ya fito, ya naɗe cikin fata, garkensa na tona ƙanƙara da ƙafa suna neman ciyawa.

Malamin ya matso da kujera. "Tsaya, tsaya. Wanga hwa? Kiwonta su kai? Suna tatsa?"

Ranar bai tafi ba sai da aka kira azahar. Washegari ya dawo. Kafin wata ya ƙare, mutumin da ya zo neman ban ruwa ya zama masanin barewar ƙanƙara. Ya san lokacin da suke ƙaura, ya san cutar da ke kama kofatonsu, ya san rigimar makiyayansu da masu gina hanya. A ɗakin malamai ba a iya shan shayi lafiya. Ko zancen taki aka ɗauko, sai ya ce, "Ai can wajen mutanena na ƙanƙara…" sai kowa ya ɗauki kofinsa ya fita.

Yana da wani amini a Faru, dattijon Bafulatani mai shanu, wanda tun suna samari suke tare. Ya ba shi labarin dabbar, dattijon ya ce ƙarya ce irin ta 'yan boko. Gardama ta yi gardama, har wata ranar Talata, da dattijon ya shigo kasuwa, malamin ya ɗauko shi a bayan babur ya kawo shi ɗakinmu. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa duk da mun ce ba sai ya tuɓe ba, ya jingine sandarsa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo har da tambayar shanun da ba ni da su. Sanyin ɗakin ya sa ya ƙara jan mayafinsa. Na buɗe masa hoton.

Ya daɗe yana kallo. Ya leƙa bayan kwamfutar, ya dawo.

"Allah mai iko," ya ce. "Nagge da itace bisa kai. In ta shiga kurmi, wa ka hiddo ta?"

Malamin ya ce ai can ba kurmi irin namu. Dattijon ya tambayi yawan nonon da take bayarwa, na karanta masa, ya taɓe baki. Ya tambaya ko tana jin kira, ko tana sanin mai ita. Muka duba, muka ga tana sani. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Da aka nuna masa makiyayin cikin rigar fata, sai ya yi murmushi ya ce a gaishe shi, ya ga alama shi ma bai karya kumallo ba. Da zai tafi ya kwance ƙullin man shanu ya ba ni, wai ladan kallo. Baba ya ji labarin ya ce a rubuta a rahoton shekara cewa ɗakin karatunmu ya fara yi wa al'umma hidima.

Kada a ce damin bai yi amfani ba. Akwai wata malama a sashen kimiyyar haɗa sinadarai da ke karatun digirinta na uku. Kafin zuwansa, duk hutu sai ta bar 'ya'yanta ta hau mota zuwa Zariya ko Sakkwato don ta sami abin karantawa, ta dawo da jaka cike da hoton takardu. Yanzu sai ta gama darasi ta shigo da silifas ɗinta, ta zauna, ta sami abin da ko a can ba lallai ta samu ba. Ranar farko da ta buɗe wata maƙala da ta shekara tana nema, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ita kam, da za a ce a sayar da kujerun kwaleji a biya dami, da ita za ta fara ɗaukar kujera.

Ɗalibai kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ba mujallar bincike suke nema ba. Littafin darasi suke so, mai bayani daga tushe, wanda za su ara su kai ɗaki. Shi ne kuma muka daina saye. Littafin ilimin ƙasar noma guda ɗaya ya rage mana, bangonsa ya rabu da jikinsa, na ɗaure shi da baƙin salatif kamar mai karaya. Ɗalibi zai zo ya tambaye ni littafi, in ce babu, amma muna da dubban mujallu. Sai ya dube ni irin kallon da mai jin yunwa ke yi wa wanda ya ba shi turare.

Duk da haka ɗakin kullum a cike yake, musamman da rana tsaka. Baba yakan leƙo ya ga kujeru ba masaka tsinke, ya koma ofis yana jin daɗi. Sai da kamfanin ya aiko da bayanin yadda muke amfani da kayansu, sannan asiri ya tonu: abin da muke buɗewa bai taka kara ya karya ba. Baba ya shigo da kansa ya zagaya. Wannan na barci, wancan na kallon ƙwallo, waccan ta baje littafinta na rubutu tana kwafar aikin ƙawarta. Sanyi suka zo sha.

Ransa ya ɓaci, don ya san shugaban kwaleji zai tambaye shi amfanin abin da aka kashe wa kuɗi. Nan take ya kafa doka. Ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya tattara hannun riga ya ce, "Sanyin ga ba sadaka ba na. Duk wanda ya zamna, shi sauke maƙala. Ban damu ko ta mi ce ba."

Ɗalibai suka karɓi doka hannu biyu-biyu. Mai son sanyin awa guda ya sauke guda, mai son ya wuni ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Suka mai da abin gasa. Masu gadi da masu shara ma, da suka ji sharaɗin mai sauƙi ne, suka riƙa shigowa hutun rana suna danna abin da aka nuna musu. An sauke haƙoran yara, an sauke ƙarƙashin teku, an sauke dokokin jiragen ruwa tun daga na farko. Baba yana ta washe baki.

Ba a yi nisa ba, wata safiya na sa lambar sirri, sai wani jan rubutu ya fito. Kamfanin ya rufe mu. Wai na'urorinsu sun lura ana kwasar kayansu daga wurinmu da yawan da ba ɗan Adam ba ne zai iya, don haka suna zargin wani ya saka inji yana sata.

Ina tsaye Baba ya kira su. Ya miƙe tsaye don girmamawa, ko da yake ba mai ganinsa, ya saki Turancinsa na mutanen da, mai aji da ƙa'ida. Ya rantse musu ba inji ba ne, mutane ne, 'ya'yan mutane masu iyaye. Matar da ke can gefen ta tambaya, to me ya sa kwalejin da ba ta koyar da aikin haƙori ta sauke mujallar haƙori kaf a yini biyu? Baba ya juyo. Ya dube ni, na dubi rufi. Can ya ce, "Madam, garinmu akwai zafi."

Sai da ya maimaita bayanin ga mutum uku kafin wani ya gane, kuma na ji lokacin da wancan ya toshe baki yana dariya. Aka buɗe mu bayan Baba ya yi alkawarin soke dokarsa. Malamin noma ya yi mako yana gaishe shi da "Ranka shi daɗe, ina zahi?"

Shekarar farko ta wuce, aka sabunta da ƙyar. Ta biyu ma haka, sai dai kowace shekara farashin na ƙara tsawo, kuma da kuɗin ƙasar waje ake biya, naira kuwa kowa ya san halin da ta shiga. Wakilin nan ya daina zuwa da kwat ɗinsa, sai dai waya. Da lokacin sabuntawa ya sake zagayowa, Baba ya ce in kira shi mu roƙi sauƙi. Na ce masa mun zauna mun duba, ga fannonin da muke karantawa, a cire mana teku da jiragen ruwa da haƙora, a rage mana kuɗi.

"Ki bar min barewata," in ji malamin noma daga bayana.

Wakilin ya ce ya fahimce mu ƙwarai, amma amsar ita ce ta ranar farko. Ko mu ɗauka duka, ko mu tsinta ɗaya-ɗaya a farashin da ya fi na duka. Sai a lokacin na gane inda muka tsaya. Mun saki na takarda, mun saba wa malamai da na kwamfuta, ba mu iya komawa, ba mu kuma iya biya.

Baba ya yi ta sintiri tsakanin ofishin shugaban kwaleji da na ma'aji. Su ma ba mugunta suka yi ba: iska ta yaye rufin ɗakin kwanan ɗalibai, rijiyar burtsatse ta lalace, ga jarrabawa ta matso. Aka ce a jira. Muna jira wa'adi ya cika.

Ranar da abin ya faru ba wani jan rubutu. Kawai kowace maƙala ka taɓa, sai hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya fito a gefenta, da farashinta a ƙasa. Malamar sinadarai ce ta fara gani. Ta kira ni ta ce, "Wannan jiya na karanta ta. Jiya-jiya." Na gwada na bara, na gwada na shekarar da muka yanka kirtani, waɗanda muka biya kuɗinsu sarai. Duk kwaɗo. Na je na kira Baba.

Ya zo ya zauna gaban kwamfuta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya danna nan, ya danna can. Sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Malama, waɗanda munka biya hwa?"

Na ce a yarjejeniyar da aka sa wa hannu, damar karantawa muka biya, ba mujallun ba.

"Ashe haya munka yi," ya ce. "Shekara da shekaru muna gyaran gidan haya."

Ba wanda ya yi dariya, har malamin noma, wanda ya shigo a tsakiyar maganar ya tarar an kulle masa kashi na biyu na wani bincike a kan yadda barewarsa ke gane hanyar gida. Har yau bai san ƙarshensa ba, kuma har yau yana ƙorafi.

A makon nan muka buɗe sito. Kwalayen na nan, ɓeraye sun ɗanɗana wasu, amma yawancinsu lafiya lau. Muka kakkaɓe, muka jera su a kantoci a bayan kwamfutocin. Suna tafiya shekara bi shekara, sai su tsaya cak a shekarar da dami ya zo. Daga nan sai fili.

Baba ya ce tunda kuɗin dami ya gagara, ɗan abin da ya samu a koma wa littattafai, a kuma dawo wa malamin noma da koriyarsa, ko banza ya yi haƙuri. Na ɗauki wayata ina neman inda za a aika wa masu buga ta kuɗi. Ina buɗe shafinsu sai na ga mujallar a shimfiɗe, sabuwa da tsohuwa, ba kwaɗo ba lambar sirri. Ashe ƙungiyar ta daɗe da sakinta kyauta ga duk mai so. Ni kuwa kullum a cikin dami nake nemanta, ban taɓa leƙawa waje ba, shi ma bai taɓa ba.

Na kai masa wayar har ofis. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur, hawaye na zuba.

"'Yar Morai! Muna cikin ɗaki muna haƙilo, ita tana bakin ƙohwa zamne tana shan iska!"

Baba da ya ji bai yi dariya ba. Ya ce in bincika ko akwai irinta. Akwai kuwa, da dama, har na tara wa kowane sashe nasa. Amma ba su wadatar ba. Malamar sinadarai ta duba ta ce manyan mujallun fanninta duk suna bayan kwaɗo, ga shi tana gab da kammalawa. Ta koma hawa mota. Duk ranar da na gan ta a bakin titi da jakarta, sai in ji kamar ni na kulle mata.

Ita ce ta sa Baba bai haƙura ba. Ya tuntuɓi takwaransa na wata makaranta a Bakura, da wasu na makarantun da ke kewaye, ya tarar kowa da irin ciwonsa: wani an rufe shi, wani bai taɓa samun shiga ba. Aka sa ranar zama a Bakura. Muka tafi a motar malamin noma, wadda ƙofarta ɗaya ba ta buɗuwa sai daga waje, shi ko ba a gayyace shi ba, ya ce shi direba ne kuma mai ba da shawara.

An yi rabin yini ana gardamar wa zai zama shugaba, aka ba Baba don ya fi kowa furfura. Sannan aka yi maganar kirki. Aka amince a tunkari kamfanonin da baki ɗaya maimakon kowa ya je shi kaɗai, a nemi ƙaramin ƙunshi na fannonin da muke koyarwa, a kuma ƙi sa hannu sai an rubuta cewa shekarun da aka biya sun zama namu ko da an rabu. Aka kuma yarda kada wani ya sake taɓa kason littattafai saboda mujallu. Bayan an tashi malamin ya kai mu gonarsa, matansa sun aiko da shinkafar gida da man shanu da yaji, muka ci a gindin mangwaro, masu ilimin littattafai duk hannu dumu-dumu.

Cinikin ya ja lokaci. Kamfani na farko ya ce bai san wannan zance ba. Na biyu ya saurara, ya tafi, ya dawo, ya rage nan ya ƙara can. Kafin a kai ga sa hannu Baba ya yi ritaya, ya koma Maradun. Abin da muka samu a ƙarshe bai kai rabin rabin na da ba, kuma ba a yanka masa kirtani ba, amma ana karanta shi, malamar sinadarai kuma ta kammala a kansa.

Na je Maradun na kai masa labari. Na same shi a fadama, ba babbar riga, ya naɗe wando yana juya ruwa tsakanin kunyoyin dankali, an ce tun asuba yake can. Ya saurare ni yana jingine da fartanya, ya tambayi kowa da kowa, har masu gadi. Da na ce an sa hannu, sai ya ce, "Kin karanta takardar har ƙasa?" Na ce har ƙasa, da ƙananan rubutun. Ya ce madalla. Sannan ya sa aka cika mini buhu da dankali, ya ƙi jin cewa ba zan iya ɗauka ba. Haka na hau babur zuwa tasha, buhun a tsakanina da mai babur, ina riƙe da shi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe mayafi.